Waiwaye: Yadda Ƙara Layukan Ciki a Wayar Ofis Ya Tashi Daga Ramin Allo Ya Koma Lasisi

Duk otal ko asibiti ko kamfanin da ya fara bunƙasa, akwai ranar da mai gyaran waya zai leƙa akwatin intakom ya ce da manaja: "Ranka ya daɗe, akwatin nan fa ya cika." An yi sabon gini, ko an buɗe reshe a wani gari, ga tebura na jiran waya, amma babu inda za a jona. Wannan matsala kusan tare aka haife ta da wayar tarho.

A watan Janairun 1878 aka buɗe cibiyar haɗa kira ta kasuwanci ta farko a New Haven da ke Amurka, da masu layi 21. Ba a daɗe ba manyan kamfanoni suka lura cewa kira da yawa na ma'aikatansu a tsakaninsu yake yawo, daga wannan ofis zuwa wancan, don haka asara ce a biya wa kowane tebur layi daga kamfanin tarho. Sai suka girka nasu ƙaramin allon a cikin gini, abin da ake kira PBX: layukan waje kaɗan, layukan ciki masu yawa, afareta na tsakiya tana soka igiya a rami. A zamanin, faɗaɗawa na nufin ƙarin ramuka da ƙarin ma'aikata. Na'urar haɗa kira da kanta, wadda Almon Strowger ya yi wa rajista a 1891, a hankali ta rage aikin afareta, amma ba ta kawar da iyaka ba.

Layin waje nawa zai wadaci layukan ciki ɗari? Wanda ya amsa wannan shi ne Agner Erlang, masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak da ke aiki a kamfanin tarho na Kofenhagen, kuma lissafin da ya fitar a 1917 har yau da shi ake aiki. A ce ma'aikata 100 ne, kowa na yin minti 6 yana magana da waje a sa'ar da aka fi cunkoso. Jimla minti 600, wato sa'a goma ta magana cikin sa'a guda. In ana so kada ya wuce kira ɗaya cikin ɗari ya tarar da layi a cike, layin waje 18 ake bukata. Ma'aikata su ninka su zama 200, layuka 30 sun isa, ba sai 36 ba. A ganina nan ne manajoji suka fi yin kuskure: suna ƙirga wayoyin da ke kan tebur, alhali abin ƙirgawa shi ne mutum nawa ke magana a lokaci guda.

Shekaru da dama kamfanin tarho na AT&T ne ke da wuƙa da nama a Amurka, ba a jona na'urar wani a layinsa. Hukuncin da hukumar sadarwa ta Amurka ta yanke a 1968 kan wata na'ura mai suna Carterfone ya buɗe ƙofa, 'yan kasuwa suka shigo. A 1975 kamfanin ROLM ya fito da CBX, kamfanin Kanada da daga baya ya zama Nortel ya fito da SL-1, dukansu akwatunan PBX ne da kwamfuta ke sarrafawa. Daga nan faɗaɗawa ta zama maganar kati da gurbi: a sayo katin layuka takwas ko goma sha shida a zura, gurabe su ƙare a ƙara akwati, ƙarfin kwakwalwar na'urar ya ƙare a sauya ta gaba ɗaya. In kuma rassa biyu ake son haɗawa su zama tamkar gida ɗaya, sai a yi hayar layi na musamman, E1 mai ɗaukar kira 30 a Turai da Afirka, ko T1 mai 24 a Amurka, a sa akwatunan su fahimci juna ta ƙa'idar QSIG ko DPNSS ta Birtaniya. Abin akwai tsada, kuma akwatunan kamfanoni daban-daban ba kullum suke shiri ba.

Ƙaramin misalin wannan zamani shi ne Panasonic KX-TES824, wanda masu aikin intakom a Najeriya suka sani sarai. Yana zuwa da layin waje 3 da na ciki 8. Da ƙarin katuna biyu ya kai 8 da 24, lambobi daga 101 zuwa 124. Shi ke nan. Otal mai ɗaki 20 da teburin karɓar baƙi da kicin da ɗakin wanki da mai gadi ya cike shi tas. Ɗaki na 21 sai dai sabon akwati. Ramukan layin waje kuwa sau da yawa a banza suke, domin kafin gwanjon lasisin wayar salula na Janairun 2001 layukan NITEL a duk ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, bayan nan kuma ofisoshi da dama suka koma tsarin CUG, inda ma'aikata ke kiran juna ta salula a kan kuɗin wata.

Sauyi mafi girma ya zo ne da murya ta hau layin kwamfuta. Ƙa'idojin aika murya ta layin kwamfuta suka fito: H.323 a 1996, SIP a 1999. Kamfanin Cisco ya sayi Selsius, mai ƙera irin waɗannan wayoyi, a 1998 ya shiga harkar da ƙarfinsa. A 1999 kuma Mark Spencer, matashi a Huntsville ta jihar Alabama, ya ga farashin PBX ya fi ƙarfin ƙaramin kamfaninsa, sai ya rubuta nasa, Asterisk, ya sake shi kyauta. Yanzu waya a Kano da wata a Abuja na iya rataya a kwamfuta guda muddin akwai intanet, layin ciki ma na iya zama manhaja a salular direba.

Masu talla suka ce an gama da iyaka. Ba a gama ba, wuri ta sauya. Manyan kamfanoni suka koma sayar da lasisi: ga na'ura na iya ɗaukar ɗaruruwa, amma in lasisin waya 50 aka saya, waya ta 51 ba za ta yi aiki ba sai an biya. Kowane kira a tsarin G.711, wata hanyar mayar da murya bayanan kwamfuta, na cin sama da kilobit 80 a daƙiƙa ta kowane ɓangare, don haka kira 30 tsakanin rassa na bukatar kusan megabit biyu da rabi da ba wanda ke kallon bidiyo a kai, in ba haka ba murya ta riƙa yankewa. Ga wuta: tun wata ƙa'ida da aka fitar a 2003, wayoyin na shan lantarki ta igiyar kwamfuta, ma'ana in aka ɗauke wuta kuma na'urar da ke rarraba igiyoyin kwamfutar ba ta kan batir, wayoyin bene guda su mutu lokaci ɗaya.

Masu tsofaffin akwatuna su ma ba su tsira ba. Nortel ya durƙushe a 2009, kamfanin Avaya ya saye sashensa na wayar ofis. Panasonic ya sanar a ƙarshen 2020 cewa zai bar harkar PBX, abin da ya sa neman katin faɗaɗawa ya koma hannun masu ragowar kaya da 'yan gwanjo.

Akwai kuma abin da kuɗi ba ya gyarawa cikin sauƙi, wato tsarin lambobi. Hedikwata ta fara daga 101, reshe ma ya fara daga 101, tunda haka akwatunan suka zo daga masana'anta. Ranar da aka haɗa su, dole ɗaya ya bar lambobinsa, a sake buga takardun ɗakuna da katunan ma'aikata, mutane su yi makonni suna kiran kicin a madadin akanta. Shi ya sa ƙwararru ke ba da shawarar lamba huɗu tun ofis na ƙarami: 1000 zuwa 1999 na hedikwata, 2000 zuwa 2999 na reshen farko, a keɓe 9 ko 0 don fita waje.