Waiwaye: Haƙƙin uba in za a ƙetara da ɗansa bayan rabuwar aure

Daga Maraɗi zuwa Katsina bai kai kilomita 100 ba. Damagaram ta haura 200, Yamai kuwa ta haura 600. Amma in aure ya mutu uwa ta ɗauki yaro ta koma Yamai, hukuncin alƙalin Maraɗi yana iya bin ta har ƙofar gida. In ta wuce shingen iyakar Nijar da Najeriya na Ɗan Isa ta kwana Katsina, wannan takarda ba ta da hannun da za ta kama kowa sai wata kotu ta can ta yarda da ita. Iyaye maza da yawa ba su san haka ba sai ranar da suka je ganin yaro aka ce musu ai sun tafi.

Maganar ba yau ta soma ba. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun daɗe da tsara ta a babin riƙon yaro. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiri ke karantawa tun yana ƙarami, ta ce bayan saki riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta auri wani, riƙo ya koma wajen kakar yaron ta wajen uwa, sannan ƴar'uwar uwar. Uba shi ne waliyyi: ci da sha da sutura da tarbiyya da karatu suna wuyansa. Saboda wannan walicci ne Muhtasar na Shaihu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, ya sa sharaɗin tafiya. In mai riƙo za ta yi ƙaura ta zama ɗungurungum, ba fatauci ko ziyara ba, kuma nisan ya kai baridi shida, wato mil 72 a ma'aunin malaman fiƙihu, kimanin kilomita 130, riƙonta ya faɗi, waliyyi yana da ikon karɓar yaron. Haka in uban ne zai ƙaura, yana iya tafiya da ɗansa, muddin garin da za shi akwai aminci kuma hanya lafiya lau. Wannan gefe na biyu yana da nauyi a kan uwa, bai kamata a ɓoye ba. Amma hikimar a fili take: kada yaro ya yi nisan da ubansa ba zai iya sa masa ido ba.

Da wannan ma'auni, Katsina gida ce, Yamai ce uwa duniya. Kuma haka kakanninmu suka gan ta. Katsinawan da suka baro birninsu bayan jihadi, wajen 1807, su suka kafa sarautar Maraɗi, ba su kuma daina auratayya da dangin da suka bari a baya ba. Layin da ya raba mu ya zo ne daga yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1898 da 1904 da 1906, aka bi daji ana kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908. Tun daga nan yarinyar da aka auro daga Jibiya, in ta koma ɗakin uwarta da goyo, a idon hukuma ta fita ƙasa.

A tsakar gida kuwa, abin da ake yi bai cika bin littafi ba. Al'ada ta fi karkata wajen uba: a bar wa uwa yaro har yaye, wasu su ce har shekara 7, sannan dangin uba su aiko a karɓa, sau da yawa ma ba uban ne zai riƙe shi ba, sai kaka ko gwaggo ko kishiyar uwa. Mata da yawa sun sha kuka a kan wannan, kuma tsoron ranar da za a zo karɓa yana cikin abin da ke sa wata ta tattara kayanta da asuba ba sallama.

Bayan Nijar ta samu mulkin kai, dokar 16 ga Maris 1962 mai tsara kotuna ta bar hanya biyu. A sha'anin aure, saki, dangantaka da gado, alƙali yana aiki da al'adar masu shari'a, tare da masu ba shi shawara da suka san al'adar. Wanda ya zaɓi dokar zamani kuwa sai a bi da shi ta kundin da aka gada daga Faransa, wanda shi ma ya fifita ikon uba. Dokar 2004 da ta 2018 da suka biyo baya ba su rushe wannan tsari ba, sai dai sun ɗaure al'ada da sharaɗin kada ta saɓa wa yarjejeniyoyin da Nijar ta amince da su. An yi ta ƙoƙarin rubuta kundin iyali guda tun shekarun 1970. Daftarin farkon shekarun 1990 ya ci karo da adawar ƙungiyoyin addini, na 2011 ma aka ajiye shi. Kowa da hujjarsa a wannan muhawara, amma wanda ya fi cutuwa da rashin rubutacciyar ƙa'ida shi ne yaron da ake ja, don babu wani layi guda da uba ko uwa za su nuna su ce ga abin da doka ta faɗa a kan fita da shi waje.

A waje kuma duniya ta yi nata tsari. Ranar 25 ga Oktoba 1980 aka ƙulla yarjejeniyar birnin Heg na ƙasar Holan, wadda ta ce in ɗaya daga cikin iyaye ya ɗauke yaro ɗan ƙasa da shekara 16 daga inda ya saba zama ba da yardar ɗayan ba, a gaggauta mai da shi, kotun can ta yanke wa zai riƙe. Faransa tana ciki, Burkina Faso ma. Nijar ba ta ciki, haka Najeriya da Aljeriya da Libiya da Saudiyya, wato daidai ƙasashen da ƴan Maraɗi suka fi nufa. Abin da muke da shi ita ce yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990. Ta ce maslahar yaro ce gaba da komai, yana da haƙƙin hulɗa da iyayensa biyu ko da ƙasarsu ta bambanta, kuma gwamnatoci su hana fitar da yara ba bisa ƙa'ida ba. Magana ce mai kyau a gaban alƙali, amma ba ta da ofishin da zai je ya ɗauko maka ɗa.

Shi ya sa duk ƙarfin uba yana kafin tafiya. Matakin farko har yanzu zaure ne: mai unguwa, fadar sarki, ko malaman ƙungiyar addinin Musulunci. Doka ta ba sarakuna ikon sulhu, ba ikon hukunci ba, don haka abin da aka daidaita a rubuta shi, kowa ya sa hannu, a kai jastis a tabbatar. A faɗi wa ke riƙo, wace rana uba zai ga yaro, ina zai yi hutun makaranta da salla, nawa ne kuɗin ciyarwa a wata, kuma ba a fita da shi ƙasa sai da izinin duka biyun a rubuce. In sulhu ya ƙi, sai ƙara gaban alƙali, kuma in akwai alamar tafiya ta matso, akwai hanyar shari'ar gaggawa da ba ta jiran dogon layi. Wanda ya samu hukunci ya kai kwafinsa komsariya da ofishin da ke ba da fasfo, tunda ba a yi wa ƙaramin yaro fasfo sai da izinin iyaye. Kundin hukunta laifuka ma ya tanadi horo ga wanda ya ƙi miƙa yaro bayan kotu ta yanke wa zai riƙe shi, amma sai in akwai hukuncin tun farko. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya neman hukumar taimakon shari'a ta ANAJJ, wadda aka kafa da dokar 2011, tana da ofis a manyan kotuna.

Nan ne wasu ke tuntuɓe. Mutum ya zo yana rantsuwa ɗansa ne, a tambaye shi takardar haihuwa babu, auren ba a rubuta ba, sakin ma da baki aka yi shi. Sai ya fara neman zujman, wato takardar kotu mai maye gurbin takardar haihuwa, da shaidu, kwanaki suna tafiya. A tambaye shi me ya kai wa yaron tun rabuwa, ya yi shiru. Wani kuwa zai zaro ƴar leda daga aljihun riga: rasit ɗin aiken kuɗi, katin asibiti, takardar sakamakon makaranta da sa hannunsa a ƙasa. Alƙali mutum ne, yana ganin bambancin. Kuma zai saurari uwar: wataƙila sabon mijinta a Kano yake, wataƙila aikin da zai ciyar da yaron ne ta samu. Uban da ya yi shekara bai leƙa ba, sai da ya ji zancen tafiya ya tuna da walicci, ban ga dalilin da zai sa a tsayar masa da rayuwar mace ba.

Ko da hukunci a hannu, iyakar nan ba katanga ba ce. Yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ta CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta saba mana da wucewa ba biza, kuma ko da Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, ko lokutan da aka rufe iyaka a 2019 da 2023, ɗan kabu-kabu ya san hanyar gona da ba ta bi ta shinge. In yaro ya riga ya isa Katsina ko Kano, uban zai buɗe sabuwar ƙara a kotun shari'ar Musulunci ta can, inda su ma da Malikiyya suke hukunci, ya kai hukuncin Maraɗi a matsayin hujja, ya haɗa da dattawan dangin ɓangarorin biyu. In Aljeriya ce ko Saudiyya, hanyar ta bi ta ma'aikatar harkokin waje da ofishin jakadancin Nijar da lauyan can, kuma dokar ƙasar da yaron yake ita za ta yi aiki a kansa.