Waiwaye: maganar wanke hannu ba korona ce ta kawo mana ita ba

Duk shekara da zarar damina ta kankama aka fara jin an kwantar da yara saboda amai da gudawa, sai musun nan ya dawo a Facebook da majalisun Kaduna. Wasu su ce ƙazanta ce kawai, wasu su ce a'a talauci ne, wasu kuma har gobe gani suke wanke hannu da sabulu abu ne da korona ta zo da shi ta kuma tafi da kayanta. Ni dai ina ganin sai mun ɗan koma baya kafin mu ga inda gizo ke saƙar.

Farkon labarin kowa ya san shi. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu cewa wanda ya tashi daga barci kada ya tsoma hannunsa a mazubin ruwa sai ya wanke shi sau uku, don bai san inda hannun ya kwana ba. A 1847 wani likita mai suna Semmelweis a birnin Viyana ya sa likitoci su riƙa wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa masu haihuwa, mutuwar masu jego ta ragu sosai. A 2008 aka fara ware 15 ga Oktoba a matsayin ranar wanke hannu ta duniya. Sai Ibola ta shigo Legas a Yulin 2014, mutum 8 suka rasu a faɗin Najeriya, bokiti mai famfo ya bayyana a ƙofar makarantu da bankuna, korona kuma ta dawo da shi a 2020 haɗe da sanitaiza.

Abin da ba a cika tunawa da shi ba a maƙwabtanmu Kano ya faru. Daga Disambar 1995 zuwa Mayun 1996 kwalara ta kama mutum 5,600 a jihar, 340 suka rasu, ga kuma sanƙarau yana ta ɓarna a lokaci guda. Masu bincike suka shiga asibitin masu cututtuka masu yaɗuwa na cikin gari suka yi wani abu mai sauƙi, suka ɗauki masu kwalara 102 da masu sanƙarau 77 da ke kwance a asibiti ɗaya, mutanen gari ɗaya, masu rayuwa kusan iri ɗaya, suka yi musu tambayoyi iri ɗaya: wane ruwa kuke sha, me kuka ci, kuna wanke hannu da sabulu kafin cin abinci? Amsar ta fito ɓaro-ɓaro. Masu kwalarar sun fi shan ruwan da ake saya a titi, kuma su ne suka fi ƙarancin shan ruwan famfo a gida da wanke hannu da sabulu kafin su ci abinci. Shekara 18 kenan kafin Ibola, kuma a kan mutane masu cin tuwo da hannu kamar ni da kai.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda abubuwa biyun suka fito tare, ruwan saye da rashin sabulu a hannu, don a ganina tushensu ɗaya ne. Ba ina ɗora wa 'yan garuwa laifi ba ne fa, bayin Allah ne masu neman halak, ranar da ba su turo kura ba unguwa guda sai ta rasa na alwala. Amma ruwan da ya bi ta jarka ya shiga randa, daga randa moɗa ta yi ta shiga tana fita a hannun yara da manya, ya ratsa hannaye da yawa kafin ya kai baki. Sannan da zarar ruwa ya zama abin saye to lissafi ya shigo. Uwargida mai jarka uku a wuni sai ta fitar da na sha, na girki, na wankan 'yan makaranta, na wanke-wanke, wanke hannu da sabulu har da ɗauraya shi ne na ƙarshe a layi, sau da yawa ma layin ba ya kawowa kansa.

Kaduna kuwa wannan hanyar ta bi. Gari ya yi ta faɗaɗa, Rigasa da sauran unguwannin gefe suka cika suka batse, gidaje suka riga bututu isa wurin, a tsofaffin unguwanni irin su Tudun Wada kuma gidan haya mai ɗakuna goma za ka tarar rijiya da masai taku kaɗan ne tsakaninsu, damina na zuwa ƙasa ta jiƙe su haɗe ta ƙarƙashi. A irin wannan tattalin ruwa ne robar wanke hannu guda ɗaya ta samu gindin zama. Kwanaki a wajen wani suna a layinmu na zauna ina kallo aka kawo roba ɗaya mu kusan goma, na farko ya tsoma, na biyu ya tsoma, kafin ta iso gabana ruwan ya yi duhu har da maiƙo a sama, kuma da hannun nan duk muka nufi tire ɗaya. Wallahi ba wanda ya yi haka don ƙazanta, kowa a ransa ya wanke hannu, alhali abin da ke hannun mutum ɗaya ne aka raba wa kowa.

Ƙwayar kwalara da ta taifot daga bayan gida suke fitowa su koma baki, kuma hannu na daga cikin manyan motocinsu. Mu mutane ne masu tsarki da ruwa, wannan alheri ne, sai dai hannun da ya yi tsarkin ko ya wanke wa yaro kashi yana buƙatar sabulu bayan nan, a cuɗa kamar daƙiƙa 20 har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, a ɗauraye da ruwan da ake zubowa ya wuce ƙasa. Buta ta isa wannan aikin, kuma ba ta cin ruwa kamar yadda ake zato.

A 2021, shekara ɗaya tak bayan kowa ya haddace wanke hannu saboda korona, sama da mutum 100,000 aka yi zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, mafi yawansu a nan Arewa. A lokacin bokitan ƙofar shaguna da yawa suna nan a ajiye, amma ka murɗa famfon ba ko ɗigo, don cika su kullum sayen ruwa ne.

Bayan sunan nan na yi wa mai gidan magana, a walimar da ya yi daga baya sai ya sa yaro ɗaya ya riƙe buta da sabulu, wani ya tara baho a ƙasa, aka bi mutane ɗaya bayan ɗaya ana zuba musu. Buta biyu ta ishe mu gaba ɗaya.