Kamakura

Kamakura gari ne na bakin teku a jihar Kanagawa ta ƙasar Japan, tazararsa da Tokyo wajen kilomita 50 ce ta kudu. Mutanen garin sun kai kimanin 170,000, amma baƙin da ke shigowa kullum musamman Asabar da Lahadi sai su sa ka zaci wani ƙaton birni ne. Tsaunuka sun kewaye shi ta ɓangare uku, ta kudu kuma tekun Sagami ne, kuma wannan yanayin ƙasar ne ya sa mayaƙan dā suka zaɓe shi, don duk mai son shigowa da yaƙi dole ya biyo ta ƴan siraran hanyoyin da aka sassara a jikin dutse, guda 7 ne sanannu, ana ce musu kiridoshi, wasunsu har yanzu ana bi da ƙafa.

Tarihi

A shekarar 1180 Minamoto no Yoritomo ya shigo garin ya yi sansani, daga nan ne ya kafa mulkin mayaƙan samurai na farko a Japan. Sarkin ƙasar yana can Kyoto da rawaninsa, amma wuƙa da nama suna Kamakura. Masana ba su daidaita kan shekarar da mulkin ya fara ba, wasu na cewa 1185, wasu kuma 1192 lokacin da aka naɗa masa sarautar shogun, wato sarkin yaƙin ƙasa baki ɗaya.

Yoritomo ya rasu a 1199, kuma gidansa bai daɗe ba. Ɗansa Sanetomo, shogun na uku, ɗan ɗan'uwansa mai suna Kugyo ne ya sare shi a 1219 a harabar babban wurin bautar garin. Daga nan dangin matar Yoritomo, Hojo Masako, su ne suka riƙe ragama da sunan masu riƙon ƙwarya, a naɗa shogun a ajiye shi kamar hoto, su kuma suna juya ƙasa. A zamaninsu ne Mongol suka kawo wa Japan farmaki ta ruwa sau biyu, 1274 da 1281, duk ba su yi nasara ba. Mulkin ya ruguje a 1333 da Nitta Yoshisada ya kawo yaƙi, hanyoyin dutsen nan suka gagare shi, sai ya zagayo ta bakin ruwa a Inamuragasaki. Labarin baka na cewa takobinsa ya jefa cikin teku ruwa ya janye masa, masu nazari dai sun fi karkata ga cewa lokacin janyewar ruwa ya daidaita. Shugabannin Hojo da ɗaruruwan mutanensu suka kashe kansu a haikalin Toshoji.

Bayan haka garin ya riƙa komawa baya sannu a hankali har ya zama kamar ƙauyen masunta da wuraren bauta. Layin dogo na Yokosuka da aka buɗe a 1889 ne ya farfaɗo da shi, masu hannu da shuni na Tokyo suka fara gina gidajen hutu, marubuta ma suka tare, cikinsu har da Kawabata Yasunari wanda ya samu kyautar Nobel a 1968. Girgizar ƙasar 1923 ta yi wa garin ɓarna sosai.

Wuraren da ake zuwa kallo

Tsurugaoka Hachimangu shi ne cibiyar garin, wurin bauta ne na Shinto, addinin gargajiyar Japan. Asalinsa tun 1063 a kusa da bakin ruwa, Yoritomo ya matso da shi inda yake yanzu a 1180. Wani miƙaƙƙen titi ne ya taso daga wajen teku ya nufe shi, Wakamiya Oji, tsawonsa kusan kilomita 2, a tsakiyar wani ɓangarensa akwai hanyar ƙafa da aka ɗaga sama, Dankazura, wadda aka ce Yoritomo ya sa aka yi a 1182 lokacin da Masako ke da juna biyu don roƙon ta sauka lafiya. Kusa da matattakalar dutse akwai wata tsohuwar bishiya da ake cewa bayanta Kugyo ya laɓe, ko da yake ba kowa ya yarda da wannan ba, iska ta kayar da ita a watan Maris na 2010 amma ta sake tsiro daga tushe. A watan Satumba ana yin wasan yabusame, mahayi ya saki linzami doki na sukuwa shi kuma yana harba kibiya, wanda ya taɓa ganin hawan salla zai gane irin shewar da ake yi.

Sai Babban Buddha na haikalin Kotoku-in, wanda shi ne hoton da ake sawa a duk tallan garin. Mutum-mutumi ne na tagulla a zaune, tsayinsa ya ɗan haura mita 11 ban da dandamalin da ke ƙarƙashinsa. An rubuta cewa an fara zubinsa a 1252, kafin shi akwai na katako. Da can cikin wani babban zaure yake, guguwa ta rushe zauren fiye da sau ɗaya, ana kuma yawan cewa igiyar ruwa ta tsunami ce ta ƙarasa shi wajen ƙarshen ƙarni na 15, tun daga lokacin yake zaune a fili rana da ruwa duk a kansa, shi ya sa jikinsa ya koma kore-kore. Cikinsa rami ne, da ƴan canji kaɗan za ka shiga ta wata ƙaramar ƙofa ka ga inda aka harhaɗa tagullar, in da zafin rana ne kuwa cikin kamar tanda.

Tafiyar mintuna kaɗan daga nan akwai Hasedera, mai gunkin katako da ya haura mita 9, daga farfajiyarsa ana hango teku. A arewacin gari, wajen tashar Kita-Kamakura, nan manyan haikalan Zen suke, wato wani reshe na addinin Buddha. Kenchoji an kafa shi a 1253, limaminsa na farko daga ƙasar Sin ya zo. Engakuji kuma a 1282, Hojo Tokimune ya gina shi don waɗanda suka mutu a yaƙin Mongol, kuma abin lura har da mamatan abokan gaba aka haɗa. Tokeiji na 1285 ya fi su labari mai daɗin ji, don a zamanin da mace ba ta da ikon neman saki, idan ta gudo nan ta zauna ƴan shekaru to aurenta ya mutu, miji ba shi da ta cewa.

Akwai kuma Hokokuji mai dajin gora, da Zeniarai Benten inda mutane ke zuba kuɗi a ɗan kwando su wanke da ruwan kogo wai zai ninku.

Bakin teku da jirgin Enoden

Yuigahama da Zaimokuza su ne bakin ruwan da ke cikin gari, yashinsu ba fari ba ne, toka-toka ne. Idan ruwa ya janye a Zaimokuza ana ganin tarin duwatsun Wakaejima, ragowar tashar jiragen ruwa da aka gina a 1232. Abin da za a kula da shi a nan shirwa ce, sun saba da mutane ƙwarai, kana riƙe da burodi sai dai ka ji fyau ta wafce daga bayanka, har alluna aka kafa na gargaɗi. Ɗan jirgin lantarki na Enoden yana bi ta gefen ruwan daga Kamakura zuwa Fujisawa, kilomita 10 kacal, wani wurin yana ratsa tsakanin gidaje kamar zai goge katanga. Ranar da gari ya yi wasai ana hango dutsen Fuji.

Masauki

Yawancin baƙi ba sa kwana, tunda daga tashar Tokyo tafiyar kamar awa ɗaya ce, da safe a zo da yamma a juya, shi ya sa otal-otal ba su da yawa in an kwatanta da sunan garin. Akwai Kamakura Prince Hotel a Shichirigahama mai kallon teku, da Hotel Metropolitan Kamakura kusa da tasha, sai ƙananan masaukai na ƴan jakar goyo wajen Hase da Yuigahama. Masaukin gargajiya kuma ryokan ake ce masa, takalmi a bakin ƙofa ake barinsa, ɗakin shimfiɗe yake da tabarmar tatami, da dare a shimfiɗa maka katifa a ƙasa, kuɗin ma sau da yawa kan mutum ake lissafawa ba kan ɗaki ba, haɗe da abincin dare da karin kumallo. Wanda ya rasa ɗaki sai ya leƙa Ofuna ko Fujisawa ko Yokohama. Watan Yuni lokacin furannin ajisai da kuma ranakun farko na sabuwar shekara su ne aka fi cinkoso.

Abinci

An san garin da shirasu, wasu mitsi-mitsin fararen kifi da ake barbaɗawa kan shinkafa, da biskit mai siffar tattabara. Titin Komachi nan ne shagunan ciye-ciye suke.

Batun UNESCO

An nemi a sa garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya, amma a 2013 masu tantancewa suka ba da shawarar kada a sa shi, Japan ta janye buƙatar.