Girman ƙulli ba shi ne ƙarfinsa ba

An daɗe ana cewa idan za a haɗa kitsattsen zaren fatsa da zaren nailan mai silli ɗaya, a yi ta jibga ƙulli kan ƙulli, wai mai kauri ya fi riƙo. Da jin maganar kamar gaskiya, shi ya sa ta yaɗu.

Sai dai halin zarukan biyu daban ne. Kitsattsen siriri ne, ga santsi, kuma kusan ba ya miƙewa. Nailan kuwa yana miƙewa, zafin gogayya yana raunana shi. Ƙullin da aka jibga yakan hau kan kansa, wani zagaye ya datse wani. Abin da ke riƙewa shi ne zagaye jere, kowane ya kwanta kusa da ɗan'uwansa. Haka ƙullin da ake kira FG yake, wanda ake naɗa kitsattsen a jikin nailan, siriri ne amma yana damƙe nailan sosai. A wani ƙullin da ake kira Double Uni, inda ake ƙulla kowane zare a jikin ɗan'uwansa, ɓangaren kitsattsen yana buƙatar zagaye fiye da na nailan. Kuma a jiƙa ƙulli kafin a ja shi.

Gwaji ba wuya. A samu guntun nailan, a ƙulla kitsattse a bakinsa biyu, kowane da irin ƙullinsa. A naɗe ƙarshen a sanduna, don kitsattse yana yanka hannu, a ja a hankali. Wanda ya fara saki shi ne mai rauni. A maimaita, gwaji ɗaya bai isa ba. Idan bakin nailan ya fito a murɗe, zamewa ƙullin ya yi, ba tsinkewa ba.

Don Allah a tura wa sauran masunta wannan bayani.