Cire tamostat ba ya hana mota zafi

An daɗe ana cewa da ka sayi motar Beljiyam, sai a cire mata tamostat, wato na'urar daidaita zafin inji, wai don ƙasashen sanyi aka yi shi. Wannan kuskure ne babba. Inji yana aiki daidai ne a zafin kusan digiri 90, wanda ko zafin Sakkwato a watan Afrilu bai kai rabinsa sosai ba. Tamostat ke tsare ruwa har injin ya ɗumama, sannan ya buɗe masa hanyar lagireto. Idan babu shi, mota ta dinga shan mai, injin yana saurin lalacewa.

In za ka sayi mota, murɗa makulli da sanyin safiya. Fankar lagireto ta tashi nan take? To, mai yiwuwa an haɗa ta kai-tsaye, wani lokaci don a ɓoye toshewar lagireto ko lalacewar famfon ruwa.