Ɓoyayyun ma'anoni a wasan bidiyo na Skyrim

The Elder Scrolls V: Skyrim wasan bidiyo ne na almara wanda kamfanin Bethesda Game Studios na Amurka ya fitar ranar 11 ga Nuwamba 2011, ƙarƙashin jagorancin Todd Howard. Yana cikin rukunin wasannin da ɗan wasa ke shiga rigar wani gwarzo, ya zaɓa masa jinsi da kama da sana'a, sannan ya sake shi cikin duniyar da ba a tilasta masa bin hanya ɗaya. Shi ne na biyar a jerinsa, bayan Morrowind na 2002 da Oblivion na 2006, kuma a 2023 Howard ya ce an sayar da fiye da kwafi miliyan 60. Wannan maƙala ta shafi abubuwan da masu ƙirar wasan suka binne a cikinsa: ma'anonin sunaye, takardun da ke ƙaryata abin da manya suka faɗa, labaran da ake ganewa daga yadda aka bar ɗaki, da kuma abubuwan da 'yan wasa suka ɗauka hikima ce alhali tsautsayi ne.

Duniyar wasan

Skyrim lardi ne mai tsananin sanyi a arewacin nahiyar Tamriel, an raba shi gunduma tara, kowace da sarkinta da ake kira Jarl. Labarin yana faruwa a shekara ta 201 ta Zamani na Huɗu, kimanin shekara 200 bayan abin da ya auku a Oblivion. Rigima biyu ce ke tafiya tare: yaƙin basasa tsakanin Daular da ke mulkin lardin da 'yan tawayen Ulfric Stormcloak, da dawowar dodanni masu fiffike ƙarƙashin Alduin. Ɗan wasa shi ne Dovahkiin, mutum mai ran dodo. Wanda ya bi babban labarin kawai zai iya kammala shi bai taɓa rabin abin da ke ɓoye ba, domin akasarinsa yana cikin littattafai fiye da 300 da wasiƙu da kundaye da aka warwatsa a gidaje da koguna.

A Jos ba a cika ganin irin wannan wasa a shagunan gem ba. Can ƙwallo ce ke ci, don ana biya ne a buga wasa ɗaya a tashi a ba wani. Skyrim na mai laftof ne, ɗalibin jami'a ko matashin da ke da daren hunturu a hannunsa, kuma abu biyu ne suka taimake shi: tsohon wasa ne da kwamfuta ta hannu ke iya ɗauka, sannan ana buga shi ba tare da ƙona data ba. Ba a fassara shi da Hausa ba, shi ya sa mai gaggawa yakan danna ya wuce rubutun, ya tafi sara da suka. A nan ne ake asarar mafi yawan abin da wasan ya ɓoye.

Harshen dodanni

An ƙirƙiro wa dodannin harshe na musamman mai haruffa 34. Adam Adamowicz, mai zane a kamfanin, ya tsara haruffan yadda dabba mai farata za ta iya karta su a jikin dutse: layuka na manyan farata uku, da ɗigo na ƙaramin farcen baya. Rubutun da ke jikin bangayen da ɗan wasa ke koyon kalmomi ba ado ba ne. Ana iya fassara shi, kuma yawancinsa yabon wani mamaci ne da bayanin yadda ya mutu. Waƙar buɗe wasan ma da wannan harshe aka rera ta, mawaƙa 30 aka ɗauka sau uku aka haɗa muryoyin suka zama kamar 90.

A wajen dodanni magana ita ce makami. Kowace tsawa kalma uku ce, kuma wadda aka fi sani, Fus Ro Dah, tana nufin ƙarfi, daidaito, turawa. Hikimar tana cikin sunayen dodannin, domin su ma kalma uku-uku ne. Alduin na nufin mai hallakarwa, haɗiyewa, ubangida. Odahviing na nufin dusar ƙanƙara, mafarauci, fiffike. Sunan yana aiki kamar kirarin ɗan dambe, wanda a cikinsa ake jin halin mai shi, kuma in aka yi masa shi a fili ba ya iya zama. Wasan ya yi amfani da wannan a babban labarinsa: tun da sunan kalma uku ne, shi ma tsawa ne, don haka ɗan wasa ya ƙwala sunan Odahviing daga fadar birnin Whiterun, dodon ya taso da girman kansa ya faɗa tarko.

Mafi nauyi a cikinsu shi ne Paarthurnax, tsohon dodon da ke zaune a ƙololuwar dutse mafi tsawo a lardin, yana koyar da haƙuri da kame baki. Sunansa na nufin buri, danniya, mugunta. A da shi ne na hannun daman Alduin, kuma da bakinsa yake cewa halinsa na asali bai bar shi ba, kullum danne shi yake yi. Daga baya ƙungiyar Blades, ta mafarautan dodanni, ta ce ba za ta ƙara taimakon ɗan wasa ba sai ya kashe shi saboda laifukansa na da. Wanda ya san ma'anar sunan ya san cewa Blades ba ƙarya suke yi ba, wanda ya zauna da dattijon kuma ya san tubarsa ba ta baki ba ce. (Charles Martinet, wanda ya shafe shekaru yana yi wa Mario murya, shi ne ya yi muryar wannan dodo.)

Takardun da ke ƙaryata manya

Yaƙin basasan ya samo asali ne daga yarjejeniyar da Daula ta sa wa hannu a shekara ta 175 bayan ta galabaita a yaƙi da abokiyar gabarta, gwamnatin Thalmor, yarjejeniyar da ta haramta bautar Talos, gwarzon mutanen Skyrim. Ulfric ya ɗaga tuta da sunan kare addini da 'yancin ƙasa. Amma a ofishin jakadancin Thalmor, a cikin wani akwati da ɗan wasa ke buɗewa yayin wani aikin leƙen asiri, akwai kundin sirri a kansa. Kundin ya nuna an taɓa kama Ulfric a lokacin yaƙi, aka matsa masa har ya yi magana, aka sa ya gaskata cewa bayanin da ya bayar ne ya jawo faɗuwar babban birnin Daula, alhali birnin ya faɗi tun kafin ya buɗe baki. Daga nan aka bar shi ya tsere. Thalmor suna lissafa shi cikin kayan aikinsu, ko da yake sun rubuta cewa ba ya ba su haɗin kai, kuma abin da suke so shi ne yaƙin ya yi ta ci ba tare da kowa ya yi nasara ba.

'Yan wasa da yawa suna karanta wannan su ce Ulfric ɗan leƙen asiri ne. Kundin bai faɗi haka ba. Abin da ya faɗa ya fi wannan ɗaci: mutum na iya yaƙi da zuciya ɗaya, abokin gabansa kuwa yana cin ribar yaƙin. Babu wani a wasan da zai tsayar da ɗan wasa ya karanta masa wannan takarda. Aikin ya ce a ɗauko bayani ne kan dodanni, kundin Ulfric yana gefe kawai.

Haka lamarin Saadia yake, wata mai aiki a masaukin baƙi na Whiterun. Ita Redguard ce, jinsin baƙaƙen mutane daga ƙasar Hammerfell mai hamada, waɗanda shigarsu da lanƙwasassun takubbansu da sunaye irin su Nazir da Ahlam ke nuna an ɗauko su daga Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya. Mayaƙan Alik'r suna nemanta. Ita ta ce 'yar babban gida ce da ta soki Thalmor, shi ya sa aka turo a kashe ta. Shugabansu Kematu ya ce ita ce ta sayar da birnin Taneth, kuma gida za su mayar da ita a yi mata shari'a. Ko wanne ɓangare aka bi, ladan zinariya 500 ne, kuma wasan bai taɓa bayyana mai gaskiya ba. Daidaita ladan da aka yi shi ne wayon, don kada kwaɗayi ya yanke wa mutum hukunci.

Markarth ya fi duka duhu. Birni ne na dutse da wata al'umma da ta ɓace, Dwemer, ta gina, arzikinsa kuma azurfa ce da fursunoni ke haƙowa a mahaƙar Cidhna, mallakar iyalin Silver-Blood. 'Yan asalin yankin sun ƙwace birnin a shekara ta 174, Ulfric ya kore su a 176, suka shiga duwatsu suka zama 'yan tawayen Forsworn. Ranar farko da ɗan wasa ya shiga kasuwar birnin, a gabansa ɗayansu ke kai wa wata mata hari da wuƙa. In ya bi sawu, sai ya tarar sarkin 'yan tawayen, Madanach, yana tsare a cikin mahaƙar, kuma Thonar Silver-Blood ne ya bar shi da rai don ya riƙa amfani da mutanensa wajen kawar da masu tsaya masa a hanya. Dogaran birni sun sani, su ne ma ke ɗora wa ɗan wasa laifi in ya matsa da tambaya. Mutumin Jos, garin da haƙar kuza ta gina tun farkon ƙarni na 20 ta kuma bar masa tafkuna, ba ya buƙatar dogon bayani kan yadda ma'adini da gardamar wa ya riga wa zuwa ke cakuɗewa.

Labarin da ɗaki ke bayarwa

Tsakanin garuruwan Dawnstar da Winterhold akwai hasumiyar haska wa jiragen ruwa hanya, Frostflow. Babu wanda ke aika ɗan wasa can. In ya shiga, zai tarar da gawar wata mata, Ramati, da kayan ɗaki a kife. Kundayen iyalin sun nuna ita da mijinta Habd sun baro Hammerfell da 'ya'yansu biyu, Sudi da Mani, suka sayi wurin da abin da suka tara. Sun daɗe suna jin karce-karce a ɗakin ƙasa suna cewa ɓeraye ne. Ashe bango ɗaya ne tsakaninsu da kogon Falmer, makafin halittu na ƙarƙashin ƙasa, da manyan ƙwarin da suke kiwo. A can ƙarshen kogon ana samun ragowar Habd a cikin mafi girman ƙwaron. Kundin Ramati ya ambaci cewa mijin ya taɓa cewa in ya mutu a sa ƙasusuwansa a wutar hasumiyar, don ya riƙa kallon teku. Wanda ya karanta ya cika masa wannan buri yana samun ƙarin kashi 10 cikin 100 a sihirin warkarwa har ƙarshen wasa.

Ƙofofin tsoffin kaburbura suna da zobba uku da ake juyawa, da mabuɗi mai siffar dagin dodo. Na farko da ake samu na zinariya ne, wanda aka sace daga wani kanti a Riverwood, kuma amsar tana zane a tafin dagin: beyar, faɗa-wuta, mujiya. Sai an juya shi a jakar kaya ake gani. An sha yi wa wannan ba'a, wai wane irin kulle ne da aka rubuta sirrinsa a jikin mabuɗi. Wani littafi a cikin wasan ya amsa: ba don hana masu rai shiga aka yi ƙofar ba, don hana gawarwakin da ke yawo a ciki fita ne, tun da su ba su da hankalin daidaita alama uku.

Akwai ƙanana da yawa. In ɗan wasa ya yi sata, mai kayan na iya turo masa 'yan daba, a aljihunsu kuma akwai takarda da sunan wanda ya turo su. In abokinsa ya mutu, ɗan aike zai kawo masa gado bayan sarki ya cire harajinsa.

Tunawa da barkwanci

A ƙauyen Rorikstead akwai Erik, ɗan mai masauki da ke son barin noma ya shiga duniya. An sa masa sunan Erik West ne, wani matashi mai son wasannin kamfanin wanda ciwon daji ya kashe a 2011 kafin wasan ya fito. A saman dutsen Paarthurnax akwai diga a soke cikin dutse, sunanta, Notched Pickaxe, yana nuni ga Notch, laƙabin Markus Persson wanda ya ƙirƙiro wasan Minecraft. M'aiq Maƙaryaci, mai siffar kyanwa, yana yawo tun Morrowind yana mayar wa masu sukar kamfanin martani a fakaice. Sheogorath, ubangidan hauka, yana ambaton yanyawa da yankakken kai da cuku, waɗanda duk suna nuni ga ayyukan Oblivion, alamar cewa shi ne gwarzon da aka buga a wancan wasa, wanda ya gaji kujerar a ƙarin Shivering Isles na 2007. Matakala 7,000 da ake cewa suna kai wa High Hrothgar, gidan masu ibada da ke kan dutsen Paarthurnax, kuwa, waɗanda suka ƙirga sun tarar ba su kai 1,000 ba.

Abin da ba da gangan aka yi ba

Shekaru 'yan wasa suna cewa in ka bi yanyawa za ta kai ka inda dukiya take, kuma sau da yawa hakan na faruwa. A 2021 Joel Burgess, ɗaya daga cikin masu tsara wuraren wasan, ya bayyana cewa babu wanda ya rubuta wannan. Halittun wasan suna tafiya ne bisa wata ɓoyayyiyar taswira da aka yanka ƙasa gida-gida masu kusurwa uku. A fili gidajen manya ne kuma kaɗan, a sansani ko kango kuwa ƙanana ne birjik. Yanyawar da ta tsorata tana neman yin nisan gida 100 ne, ba nisan taku ba, kuma inda ta fi saurin cika wannan lissafi shi ne inda gidajen suka yi cunkoso, wato daidai inda aka ajiye akwatuna.

A shekarar ce kuma Nate Purkeypile, wani tsohon ma'aikacin kamfanin, ya ba da labarin keken dokin da ke ɗauke da fursunoni a farkon wasan, wanda lokacin gwaji yakan yi tsalle sama ba dalili. Da aka bincika, ƙudan zuma ne. An gyara shi don a iya kama shi, gyaran ya mayar da shi abin da ba ya gusawa, duk sanda ya gitta hanya keken ya yi karo da shi sai keken ya tashi. An gyara wannan kafin wasan ya shiga kasuwa.