Totò da rigar limami: inda gardamar ta samo asali

Har yau Italiyawa ba su gama gardama kan Totò ba. Wasu na cewa gwanin ɗan wasa ne da aka ɓata a finafinan barkwanci na ci-da-sauri, wasu kuma na cewa ai waɗannan finafinan ne suka sa ya zama Totò.

Farkon labarin sananne ne. An haife shi a Napoli a 1898, ya taso a dandalin wasan kwaikwayo, ya yi finafinai kusan ɗari. Jama'a na cika sinima dominsa, galibin masu sharhi kuwa na yatsine fuska, don a wancan zamani ana ganin mai ban dariya ba ya kai matsayin gwani. A 1957 ciwon ido ya kama shi, ganinsa ya kusa tafiya. Da an zo maganar lokacin da aka fara ganin girmansa, sai a yi tsalle zuwa fim ɗin da ya yi da darakta Pasolini a 1966, ko bayan rasuwarsa a 1967.

Abin da ake tsallakewa shi ne 1965, shekarar da darakta Alberto Lattuada ya mayar da La Mandragola fim. Wasa ne da shahararren marubucin Italiya Machiavelli ya rubuta wajen 1518: wani dattijo, Nicia, ya ƙosa ya samu haihuwa, sai saurayi Callimaco ya yi shigar likita don ya kai ga matar dattijon, Lucrezia, da ƙaryar wani maganin saiwa mai sa haihuwa amma mai kashe wanda ya fara kusantarta bayan ta sha. Matar mai tsoron Allah ce, ta ƙi yarda wani ya fara kusantarta a madadin mijinta. Wanda ya lallashe ta shi ne limamin coci, Timoteo, bayan an cika masa hannu. Wannan rawar aka ba Totò.

A nan babu tsalle-tsalle, babu murguɗa wuya kamar 'yartsana da aka san shi da shi. Tsoho ne cikin rigar ibada, yana magana a hankali, yana juya nassi har haram ta yi kama da halal, hankalinsa na kan sadakar da za a ajiye. Mutum ya yi dariya, sannan jikinsa ya yi sanyi. Fitowarsa ba ta da yawa, amma a ganina daga nan masu sharhi suka rasa uzurin cewa ba zai iya ɗaukar rubutu mai nauyi ba. Shekara 67 gare shi kafin a miƙa masa Machiavelli, saura shekara biyu ya bar duniya.